Iya Mai Gora da Bangon da Ya Yi Ganye

Tun kafin a buɗe shagunan bakin titi, Iya Mai Gora ta riga ta tari ruwa a famfon tsakar gida. Famfo ɗaya ne a gidan, gida kuwa mai hawa huɗu, na haya, ɗaki bisa ɗaki kamar an jera kwalaye, ruwan kuma ba shi da ƙarfin hawa sama sai an ɗauke shi. Takan saƙale tsintsiya a hammata, ta ɗauki bokiti, ta kama ƙarfen matattakala ta fara hawa. A kowane hawa takan ajiye bokitin ta yi numfashi, ta amsa gaisuwar wanda ya leƙo. Sai ta kai rufin gidan take juye ruwan a wasu jarkoki da ta jera a bakin bango, sannan ta juyo da shara daga sama zuwa ƙasa.

Shara ce aikin da aka ɗauke ta. Ruwan kuwa ba wanda ya sa ta.

Baƙo in ya shigo layin, bangon gidan ne ke fara tsayar da shi. Tun daga rufi har kusa da ƙasa ganye ne kore shar: na'ana'a, daddoya, alayyahu, albasa, da wasu furanni jajaye da ba wanda ya san sunansu. Sai ya matso zai ga abin da ke riƙe da ganyen. Gorunan roba ne na ruwa da na lemo, irin waɗanda ke toshe kwata. Iya ta yanke gindin kowace gora, ta kifa ta, ta buɗe mata taga a gefe, ta cika ta da ƙasa, ta huda murfinta da ƙusa mai zafi. Bakin ta sama yana cikin gindin ta ƙasa, an ɗaure su da waya, layi-layi. In ta zuba ruwa a jarkar rufi, sai ya riƙa ɗiga daga gora zuwa gora har ta ƙarshe ta samu rabonta. Abin da aka zuba a sama, shi kowa zai sha.

Bakaniken da ke ɗakin ƙasa ba ya barin ta ta wuce salin alin.

"Ranki ya daɗe, Ministar Gona! Yau wane hawa ne zai samu tallafi?"

"Hawan da ba ya zubar min da baƙin mai a kwata."

"Haba Iya, sharri kike min."

"Sharrin ne ya baƙanta maka farce? Miƙo min gorar can kafin ka taka ta."

Kaɗan ne a gidan suka san mafarin abin. Mijinta shi ne maigadin gidan, mutumin lambu ne tun yana ƙauye, kafin zaman birni ya kama shi. Da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya kwanta a ɗan ɗakinsu na ƙarƙashin matattakala, abin da yake gani ta taga kawai siminti ne. Wata rana da rana ta ji ya ce, da harshensa da ya yi nauyi, "Ko ganye ɗaya ne in gani." Washegari ta rataye gora a bakin tagar, da ɗan reshen daddoya a ciki. Yana daga kwance yake gyara mata: hudar ta yi girma, ƙasar ta yi tauri, a haɗa da yashi. Shi ya ce ta ɗora wata a samanta don kada ruwa ya zube a banza. Kafin Allah ya karɓi abinsa, layin ya kai hawa na biyu. Bayan an gama zaman makoki mutane suka ɗauka za ta bari. Sai suka ga ta hau tsani.

Waɗanda suka zauna a gidan sun ga abin da ya biyo baya. Ɗakunan da ke jikin bangon nan, waɗanda a da ba a iya zama cikinsu da azahar, suka yi sanyi. Tsuntsaye suka koyi hanyar gidan. Matan layin suka daina jefa gora a kwata, sai su tara a buhu su aiko mata. Wanda mura ta kama zai tarar da na'ana'a a ƙulle a hannun ƙofarsa, ba sallama, ba jiran godiya. Akwai wata tsohuwa a hawa na uku da ta daina fita saboda idonta. Ita ce ta ce ba ta ganin ganyen, amma in iska ta kaɗa tana sanin gari ya waye.

Ke ce, Iya, damina mai hawa da ƙafarta. Ke ce kika ɗauki abin da muka sha muka yar, kika mayar mana da shi inuwa. Mun yi shekaru muna wuce ki a matattakala, muna matsa miki hanya ke da bokitinki, muna cewa "sannu Iya", amma ba wanda ya taɓa cewa "kawo in kai miki".

Wakilin mai gida bai taɓa son abin ba, bai kuma hana ba. Magana ɗaya ya yi, ya yi ta a gaban jama'a: "Muddin kore ne, lambu ne. Ranar da ya bushe, bola ce a jikin bango, kuma zan sa a kwashe ta." Iya ta ce ta ji. Tun daga ranar, ko zazzaɓi take yi sai ta hau.

Gwiwa ce ta ci amanarta. Ta daɗe tana ɓoyewa, tana ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin zane, har wata safiya ta zauna a hawa na biyu ta kasa tashi. Bokitin yana gefenta cike, ruwan bai ko zube ba. Ɗanta, wanda direba ne a wani gari, ya zo ya kai ta asibiti. Likita ya ce za a riƙe ta, ya kuma ce ita da matattakala sun yi sallama. Da za a sa ta a mota zuwa asibitin, ba ta ambaci ɗakinta ko kayanta ba. Cewa ta yi, "Jarkokin sama. Kada su kwana ba ruwa."

Maman 'Yan Biyu ce ta ɗauki nauyin, ita da ke hawa na huɗu, mafi kusa da rufi. Mace ce mai zuciya ɗaya, mai yawan dariya, wanki kuwa ba ya ƙare mata. Duk wanda ke ɗauko ruwa daga ƙasa har hawa na huɗu, ga goyo ga na hannu, ba ya zubar da ko kofi ɗaya. Ruwan da aka yi wanki da shi, shi ake goge ɗaki da shi. Don haka ta ga ta samu dabara. Kullum in ta gama wankin yara, sai ta hau da ruwan ta cika jarkokin ɓangaren ɗakinta taf, da kumfarsa da bilic ɗinsa, tana murna shukar Iya na shan ruwa fiye da yadda ta saba.

Ganyen sama ne ya fara yin rawaya. Ta ce ƙishi ne, ta ƙara. Kafin kowa ya farga, abin ya bi layi ya sauka, gora bayan gora, kamar yadda ruwan kirki yake sauka. Layukan da ke ɓangarenta duk suka ƙone; na ɗaya ɓangaren, da takan ba ruwa zalla, suka tsira. A cikinsu har da wanda ya ƙare a bakin tagar Iya.

Ranar da aka sallamo Iya, ta fito daga mota da sanda, ta ɗaga kai. Ta daɗe a haka. Ta taka a hankali har bakin tagarta, ta sa yatsa a ƙasar gorar, ta shinshina.

"Sabulu," ta ce.

Maman 'Yan Biyu ta sauko da gudu, ɗankwali a hannu, ta durƙusa.

"Iya, wallahi ban sani ba. Na ga ruwa ruwa ne. Garin neman gira na rasa ido. Ki zage ni, don Allah ki zage ni in ji sanyi."

"In zage ki, wa zai hau min gobe? Tashi, 'yata. Duk gidan nan ke kaɗai kika hau."

Wannan maganar ba Maman 'Yan Biyu ta soka ba. Sauran da ke tsaye ne suka sunkuyar da kai.

Wakilin mai gida ya zo da yamma, ya dubi bangon, rabi kore rabi kamar an babbaka. Ya ce masu fenti za su zo ƙarshen wata. Abin da ya tarar a bushe za a cire, kuma ba ya son rabi da rabi. Direba kuma ya ce shi ba zai bar mahaifiyarsa a ɗakin nan ba, ƙarshen mako zai tafi da ita. Iya ta zauna a bakin gado tana jin su. Ba tafiyar ce ta dame ta ba. Ta san duk gidan ba wanda ya san yadda ake buɗe hudar da ta toshe, ko wace jarka ce ke ciyar da wane layi, ita kuma ba ta da ƙafar zuwa ta nuna.

Bakanike ne ya shigo da kujerar roba.

"Minista, za a je rangadi."

"Kai dai ba ka rabo da shirme. Da wace ƙafar?"

"Da tamu. Ni da Direba. Injin mota nake ɗagawa, ke nawa kike?"

"In kuka yar da ni, ba zan yafe ba."

"In muka yar da ke, sai mu dasa ki a gora."

Ta yi dariya har ta share ido. Haka suka hau da ita a kan kujerar, hawa bayan hawa, tana riƙe da wuyan ɗanta tana yi musu faɗa su bi a hankali. Mutane suka fito daga ɗakuna suka bi bayansu. Wasu a cikinsu, duk shekarun da suka yi a gidan, ranar suka fara taka rufin.

A can ta zauna da sandarta tana nuni. Wannan ƙasar ta mutu, a juye ta. Gorunan a wanke su da ruwa zalla a shanya. Wannan hudar da allura ake buɗe ta, ba da ƙusa ba. A yanki reshe daga layin da ya tsira, a ƙasan gaɓa, kada a tumɓuke. Ruwan wankin kayan miya ya halatta, na alwala ma haka; duk abin da ya yi kumfa, haram. Ta sa Maman 'Yan Biyu ta maimaita, ta sa ta dasa na farko da hannunta. Da aka zo kan layin tagarta, ta ce a canza duka amma a bar gorar ƙarshe yadda take.

"Tsohuwar saiwa ce," ta ce. "A ba ta lokaci."

Ta tafi ranar da aka ce. Kayanta ba su cika bayan motar ba.

Yanzu kullum da safe wayar Maman 'Yan Biyu takan yi ƙara, ita kuma takan amsa tana haki a tsakiyar matattakala. "Kun zuba?" "Muna hanya, Iya." Bakanike ke kai bokitin zuwa hawa na biyu, wani ya karɓa, wani ya ƙarasa. Aikin da tsohuwa ɗaya ta yi da gwiwa mai ciwo, mu da yawa muke yin sa, kuma muna ƙorafi. Masu fenti sun zo. Wakili ya tsaya ya dubi ƙananan ganyen da suka fara leƙowa, ya yi tsaki, ya ce a fente ɓangaren titi kawai.

Amma akwai tambayar da Iya take yi a ƙarshen kowace waya, wadda kowa ke kauce wa. "Na bakin tagata fa?" Sai a ce mata layin waya ba kyau, ko a ce ana dubawa.

Iya, na san Direba zai karanta miki wannan. Ga amsar da muka kasa ba ki da baki: bai tashi ba. Mun ba shi lokaci, mun ba shi ruwa mai kyau, saiwar ta riga ta tafi. Ki yafe mana. Ba mu cire gorar ba, kuma ba mu dasa komai a ciki ba, sai abin da kika ce.

Mun gode, Iya Mai Gora. Allah ya ba gwiwarki sauƙi, ya jiƙan Baba Maigadi, ya sa inuwar da kika yi mana ta tare ki ranar da babu wata inuwa.

Ku kuma da kuke karantawa, a gidanku ko a wurin aikinku akwai wani da ke ɗaukar kaya wanda ba wanda ya ɗora masa, ku kuna shan daɗinsa. Ku yanka gora ku dasa, bango ba ya ƙi. Amma kafin nan, gobe da safe in kun haɗu da shi a hanya, kada ku tsaya a "sannu". Ku karɓi bokitin tun yana da ƙafar da zai nuna muku inda ake zubawa.