Mafici da Bakwainin Gidanmu

A shekarar da Turawa suka ɗebi Baba aikin kuza a Jos, aka haifi ƙanena a ƙauyenmu Gammo, ana tsakiyar ɗari. Bakwaini ne. Ungozoma ta naɗe shi cikin auduga, ta ja kakata Iya Dije gefe ta ce, "In sanyi ya taɓa shi, sai haƙuri." Shekarata tara, kuma na ji.

Daga ranar tatsuniya ta tashi daga tsakar gida ta koma ɗakin Inna. Da an yi isha'i, Iya za ta cika kasko da garwashi, ta ajiye shi taku biyu daga gado, ta ɗage asabari kaɗan don kada hayaƙi ya taru. Ni ke riƙe da mafici. Ba wutar ake fifitawa ba. Saman kaskon ake bi a kwance, a kora ɗumin wajen jariri kafin ya gudu rufi.

"Ga ta nan tafe," in ji Iya, "amma ba ta shiga ɗakin da mafici ya tsaya."

Ta ce Wuta marowaciya ce, duk ɗuminta sama take kaiwa ta ɓoye. Wata tsohuwa da sanyi ya dama ta aiki Guguwa roƙon ɗumi gidan Wuta. Guguwa ta shiga ba sallama, tana ihu. Wuta ta fusata ta cinye gidan har da danga. Sai tsohuwa ta aiki 'yar iskar hantsi. Ita kuwa ta durƙusa daga gefe, ta gaida Wuta, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya...

Nan na lura ƙanena ya daina ɗan kukansa. Inna ta yi barci. Na taɓa ƙafarsa, sanyi ƙalau. Na juya mafici cikin garwashi da duk ƙarfina. Kasko ya yi ja, tartsatsi ya tashi, guda ya sauka kan audugar. Ja ya fara tafiya a cikinta kamar tururuwa.

Iya ba ta yi ihu ba. Ta kifa tafin hannunta a wurin, ta danne. Na ji ƙauri. Ta ɗauki yaron ta cusa cikin zaninta, ƙirji da ƙirji.

"Ƙawata, ashe Guguwa muka ajiye a gidan nan?" in ji ta. "Ɗauki maficinki. A kwance, a hankali. Ina muka tsaya?"

"A gaisuwa," na ce, ina hawaye.

Ta ci gaba, ni ina fifita, kunnuwanmu duka na wajen zanin. 'Yar iska ta kwashi ɗumi kaɗan-kaɗan ta kai wa tsohuwa. Kafin ta kai na ƙarshe, yaron ya tsala kuka.

Na daɗe ina zaton darasin na garwashi ne kawai. Sai da na girma, na yi karatu, na ga mutane da yawa sun ƙona abin da suke so saboda tsoron rasa shi. Ƙanena ya rayu, har ya fi ni tsawo. Yakan kama hannun Iya ya tambayi tabon, ta ce masa tukunyar tuwo ce. Har ta rasu ba ta taɓa kallona ba in tana faɗa.