Ranar da Tsibirin Ya Yi Shiru

Nicanor Tasayco bai gama zama saurayi ba mahaifinsa ya kai shi tsibiran Ballestas kwasar kashin tsuntsaye. A zamanin, yaron San Andrés da bai samu gurbi a kwalekwalen kamun kifi ba, aikin taki ne ke cinye shi. A kankare kashin da diga, a tara da tsintsiya, a ɗura a buhu, a sungumi buhun a kafaɗa har bakin dutse inda jirgi ke jira. Ƙurar tana cin ido kamar barkono. Da yamma a wanke fuska da ruwan teku, don ruwan daɗi na sha ne kawai, a kwanta ido jajur, tsuntsaye na ta ihu a ka. Da ya dawo gida karon farko, mahaifiyarsa ta tsare shi a ƙofa, ta ce ba zai shigar mata ɗaki ba sai ta ƙone kayan jikinsa.

Abu biyu ya samo a wannan aiki: tarin da bai taɓa barinsa ba, da sanin tsibiran da kunne. Ya san gurnanin baƙaƙen tsuntsayen da ake kira gwanai, ya san gaɓar da zakunan teku ke haihuwa, inda hayaniya ta fi ta kasuwar kifi, ya san kogunan dutsen da fengwin, tsuntsayen nan marasa tashi, ke kukan jaki a ciki. Ko da ya bar taki ya koma kamun kifi, in hazo ya rufe teku sai ya kashe inji, ya karkata kai, ya shaƙi iska, ya ce tsibiri na can. Kuma yana can ɗin. Abokai suka laƙaba masa Mai Hanci, shi kuwa ya riƙa shan ƙamshi da sunan.

Ya auri Hermelinda, mace mai faɗa da iya soya kifi, suka haifi 'ya'ya uku da duk suka watse neman abinci, biyu a Lima, ɗaya a Ajantina. Ranar babbar girgizar ƙasa Hermelinda tana coci a Pisco, ginin ya rufto. Shi yana kan ruwa. Tun daga nan gidansa ya zama wurin kwana kawai, kuma ba ya son a yi masa zancen.

Da harkar 'yan yawon buɗe ido ta bunƙasa, wani mai jirage ya ba shi sitiyarin jirgi mai cin mutum arba'in. Kullum safiya hanya ɗaya ce: daga gadar hawa jirgi ta El Chaco, a tsaya gaban zanen Candelabro da ke jikin tudun yashi a ɗauki hoto, a miƙa tsibiri, a ratsa ƙofofin dutse, a nemo musu fengwin, a dawo. Nicanor ba ya ganin hankalin mutumin da zai biya kuɗi don tsuntsu ya yi masa kashi a hula, kuma yakan faɗa. Amma yana son sitiyarin nan fiye da yadda yake son kowa da ya rage masa a duniya. A garinmu namijin da ya sauka daga jirgi wuri ɗaya yake zuwa, wato katangar bakin teku, ya zauna cikin tsofaffi ana jin rediyo har ranar da za a ɗauke shi. Nicanor yakan wuce su ko gaisuwar kirki ba ya tsayawa yi, don tsoronsu yake ji.

Idonsa a hankali ya fara tafiya, daga gefe. Ya ɗauka yanar ido ce, ya hau mota zuwa Ica a ɓoye don a kankare masa. Likita ya ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, saura kuma zai bi. Nicanor ya karɓi maganin ɗigawa, ya sayi baƙin tabarau, ya dawo bai gaya wa kowa ba.

Maritza Ormeño ce ta gano shi. Ita ce mai yi wa baƙi bayani da lasifika a jirginsa, 'yar amininsa Eusebio da suka yi taki tare, kuma shi ya riƙe ta ranar baftismarta. Wata safiya ya tsayar da jirgi yana nuna wa mutane Candelabro, alhali da saura kafin a kai, ba komai a gabansu sai yashi fayau. Ta mayar da abin wasa, baƙi suka yi dariya. Bayan an sauke kowa ta tsare shi a bayan jirgi, ta ɗaga hannu.

"Baba, yatsu nawa ne nan?"

"Ke, ni sa'anki ne?"

"Nawa ne?"

Ya kau da kai. Ta zauna a kan tankin mai ta yi kuka, ta zage shi, ta ce sai ta gaya wa mai jirgi. Ya roƙe ta. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko ashana ba ya riƙe hannun yarinyar da ya goya, ya ce ta bar shi ya ƙarasa kakar bana kawai. Ta yarda, kuma da ba ta yarda ba da ya fi musu alheri su duka biyun.

Kakar bana ta zama shekara uku. Suka tsara aikinsu: tana tsaye a bayansa, lasifika a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kafaɗarsa. In ta matsa dama ya karya dama, in ta daki ƙeyarsa da yatsa ya rage wuta. Baƙi suna ganin 'ya ce mai son ubanta, har hoto suke ɗaukarsu. In kuwa hazo ya sauka ta zama makauniya ita ma, sai ya kashe inji ya saurara. Na'urar nuna hanya ta jirgin gishiri ya daɗe da kashe ta, mai jirgi kuma bai ga dalilin gyarawa ba tunda Mai Hanci da bakinsa ya ce kayan yara ne.

Sai annobar tsuntsaye ta zo. Kwasakwasa suka fara faɗuwa a bakin teku suna karkarwa, sauran suka bi, har zakunan teku ruwa ya riƙa turo su a kumbure. Ma'aikata masu fararen kaya suna ta haƙa rami suna binnewa. Baƙi suka ɗauke ƙafa, jirgin Nicanor ya yi makonni a ɗaure. Ya ji warin, ya kuma ji masunta na cewa tsibiri ya zama kango, amma ya ɗauka irin ƙarin gishirinsu ne. Shi da ya kwana a ƙarƙashin tsuntsayen da ke rufe rana, ba wanda zai gaya masa sun ƙare.

Ranar da suka koma aiki hazo ne tun daga gada. Wani matuƙi ya ɗaga murya daga jirginsa ya ce Mai Hanci ya shiga gaba su bi shi, in dai hancin bai tsufa ba. Nicanor ya ce uwarsa ce ta tsufa. Aka yi dariya. Wata mata 'yar Lima mai 'ya'ya biyu ta tambaya ko tabbas za a ga fengwin, don ta yi wa yaran alkawari. Ya ce mata in ba a gani ba shi zai sauka ya yi musu tafiyar fengwin ɗin.

Ba su ga Candelabro ba. Bayan sun bar tudun, hazon ya ƙara kauri har Maritza ba ta ganin hancin jirgi. Ta sunkuyo ta ce su juya. Ya ce ta je gaba ta zuba ido, sauran nasa ne. Ta ajiye lasifika, ta ratsa tsakanin kujeru, ta hau can ƙarshen jirgi ta riƙe ƙarfe.

Da jikinsa ya ba shi cewa sun kusa, ya kashe inji. Teku a kwance take lumui, 'yar iskar da ke akwai kuma daga bayansu take, saboda haka hanci bai da amfani. Ya karkata kai. Ba gurnani, ba fito, ba kukan jaki. Ya jira, wani yaro ya tambayi uwarsa ko jirgin ya lalace. Ya sake saurarawa. A duk rayuwarsa shiru irin wannan ma'anarsa ɗaya ce: da sauran tafiya. Ya tada inji, ya ba shi wuta.

Tsibirin kuwa yana gabansu, da jifa za a same shi. Maritza ta ƙwalla kira, ya murɗa sitiyari iya ƙarfinsa, gefen jirgin ya maku da dutse. Mutane suka zube kan juna. Ita ta wuntsila ta faɗa tsakanin jirgi da dutsen, kuma ruwa ya sake tura jirgin kafin a jawo ta. Nicanor bai ga komai ba. Ya dai ji ƙarar da ta yi, ya kuma ji matar nan 'yar Lima tana ce wa 'ya'yanta su rufe ido.

Baƙin sun tsira da ƙuje-ƙuje. Hukumar tashar jiragen ruwa ta yi tambayoyinta, kowa ya ce hazo, Maritza ma daga gadon asibiti ta ce hazo. Aka rufe magana. Mai jirgi ya lallashe shi, ya ce ƙaddara ce, an liƙe jirgi, ya dawo bakin aiki sati mai zuwa, za a samo masa wani mai bayani. Nicanor ya ji daɗi, kuma ya ji kunyar daɗin da ya ji. An ce masa ƙafar Maritza ta samu rauni sosai. Bai tambayi yaya raunin yake ba, duk wanda ya ɗauko zancen kuma sai tari ya sarƙe shi.

Sai da aka kwana biyu ya iya zuwa asibitin Pisco, da ledar alewar tehas da take so tun tana ƙarama. Ma'aikaciyar jinya ta ce gado na kusa da taga. Ɗakin taga biyu gare shi, ya bi wadda ta fi haske. Akwai mace a kwance ta juya baya. Ya laluba kujera ya zauna, ya cire hula. Ya yi niyyar yin raɗa, amma wanda ya shekara talatin kusa da inji bai san girman muryarsa ba.

"'Yata, ni ne. Na ji abin da kika gaya musu. Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa min. Na sani da kin tona ni tun ranar da kika gane ba na gani, da ba ki kwanta nan ba. Ki yafe min." Ya murza hular a hannunsa. "An ce in koma sati mai zuwa. To cikin masu bayanin nan, wa kike ganin zai iya riƙe magana? Kafin ki warke kawai."

Matar ta juyo. Muryar tsohuwa ce. "Bawan Allah, wa kake nema?"

Kowa a ɗakin ya ji abin da ya faɗa. Daga bayansa, wajen ɗaya tagar, ya ji an ja kujera an miƙe. Wilmer Pachas ne, mijin Maritza, direban babur mai ƙafa uku, mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya kalli Nicanor ba sai da gaisuwa. Ya zo ya kama shi a damtse, ba da ƙarfi ba, ya ja shi ya ratsa ɗakin kamar yadda ake jan makafi, mata na kallo.

"Bai sani ba, Baba," in ji Maritza. Muryarta ta dishe. "Shi ma hazo na ce masa."

Wilmer ya tambaya tun yaushe. Maritza ta ce shekara uku. Wilmer ya juya ga tsohon. Sannan ya ce yau ɗin nan mai jirgi zai ji, hukuma ma za ta ji, Nicanor ya zaɓa ko daga bakinsa ko daga bakin wani. Nicanor ya buɗe baki zai ce a bari ta warke tukuna.

"Ta warke," in ji Wilmer. "Tunda ba ka gani, kawo hannunka."

Ya ɗauki hannun tsohon ya ɗora a kan bargo, a gwiwar matarsa, ya bi da shi ƙasa a hankali. Kaɗan suka yi ƙafar ta ƙare, hannun ya sauka a kan katifa.