Motar Layin Dogo ta Yayana a Kasuwar Ɗanbatta

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu da ke gefen Rimin Gado, ni da yayana da wani kwali da ya rungume kamar jinjiri. Ko koko ban tsaya sha ba.

Bari in gaya muku abin da ke cikin kwalin tun kafin ku dame ni da tambaya. Yayana mai ƙere-ƙere ne tun yana ƙarami. Ya taɓa ganin 'yar motar nan da masu gyaran layin dogo ke hawa, mai gudu a kan ƙarfen jirgi ɗauke da kayan aiki, sai ya dawo gida ya ƙera irinta, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Jikinta gwangwanin madara, injinta na tsohon DVD, tana aiki da batirin waya, har da ƙugiya mai ɗaga katako. Tayoyin kuwa da kansa ya zuba su da narkakken gwangwanin lemo, yadda masu zubin tukunya ke yi, ya fitar musu da baki a gefe don su kama layi. Ya sa bidiyonta a zaurensu na masu ƙere-ƙere a waya, aka yi ta zuba masa yabo. Shi ke nan fa, wai zai sayar da gyaɗar da muka ware ta iri, ya sayo injina da batura ya ƙera da yawa ya sayar wa 'yan zauren. Tun rasuwar Baba maganar gona a hannunsa take, kuma gyaɗar nan ita ce shukarmu ta baɗi. Inna ba ta iya yi masa musu kai tsaye. Ta ce ya fara zuwa Ɗanbatta, inda suke haɗuwa ran kasuwa, ya nuna wa mutanen nan ido da ido, ya tafi da ni, tunda ni ba na jin nauyin baki.

Hanyar shiga Kano ba laifi, sai dai kuɗin mota ya tashi har na tambayi kwandasta ko da abinci ake haɗawa. Bai yi dariya ba. A tashar motocin Ɗanbatta direba ya dage sai an sa kwalin a but, can bayan mota, kusa da wata akuya da aka ɗaure. Yaya ya fara ba shi haƙuri, ni kuwa na ce in akuyar ta taka shi zai biya, sai ya bar mu. Mu huɗu aka cusa a kujerar baya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji wani abu ya yi ƙara a cikin kwalin, Yaya ya runtse ido. Abin kunya, wani ɓangare na zuciyata fata yake motar tasa ta karye kowa ya huta, ɗayan kuma yana tuna watannin da ya yi a tsugune a kanta.

Gonaki sun yi kyau bana. Ƙauye na bin ƙauye, ba ka rabuwa da rufin kwano, dammunan gero a jingine, mata na sussuka a bakin hanya, ga tarin harawa a kan rassan bishiya. Ni dai duk inda na hango an baza gyaɗa sai gabana ya faɗi.

Mun isa da hantsi, kasuwa ta fara cika. Ƙosan Ɗanbatta manya ne kuma ba a yi musu rowar yaji ba, wannan kam na yaba. Furarsu ma da damshi, nonon ba a tsinka shi da ruwa ba. Yaya ko taɓawa bai yi ba.

A rumfar wani mai gyaran rediyo 'yan zauren suka taru. Akwai samari, akwai magidanta, har da wani malamin makaranta mai furfura. Kowa ya zo da nasa: wannan tirela, wancan jirgin sama mai juya farfela, wani motar haƙar ƙasa da ke ɗaga hannu da sirinji. Yaya ya shimfiɗa layinsa na ƙarfen labule a kan benci, ya ɗora motar, ya haɗa waya. Shiru. Ya ɗaga ta ya shiga dubawa. Ashe wata wayar wuta ce ta cire a hanya. Da ya mayar sai ta tashi, ta bi layi sumul, ta sha kwana, ta tsaya ta ɗaga katakonta. Aka yi ta masha Allah, wayoyi suka fito, Yaya baki har kunne.

Ni aikin da aka aiko ni daban ne. Na ce, “To Malamai, in ya ƙera da yawa, wa zai saya?”

Yaya ya harare ni. Malamin makarantar ya yi murmushi ya ce, “Ai ƙanwata, abu mai kyau ba ya rasa mai so. In sha Allahu.” Sauran duk suka amsa da in sha Allahu. Na san irin wannan amsar, da ita nake sallamar masu tallan atamfa.

Sai na daina sauraron bakinsu na koma kallon hannuwansu. Duk wanda ya karɓi motar, ba ya duba fenti, ba ya duba ƙugiya. Kifar da ita yake yi, ya sa farce a bakin tayar, ya juya ta, ya ɗauki hoto. Babu wanda ya tambayi kuɗinta. Nan na gane inda muka yi kuskure. Waɗannan mutane daɗinsu shi ne a ce su suka ƙera. Wanda ya yi wata uku yana lanƙwasa gwangwani ba zai ajiye aikin wani a ɗakinsa ba, ko kyauta aka ba shi. Mun kawo dafaffen abinci gidan masu girki.

Muna jiran mota bayan la'asar sai ga mai motar haƙar ƙasar nan ya biyo mu yana haki. Ya ja Yaya gefe, ya ce shi fa ya daɗe yana son yin jirgin ƙasa, tayoyi ne ke ba shi kashi, na murfin kwalba zamewa suke. Ko zai zuba masa tayoyin kawai? Ya ce akwai wasu ma da ke so, kunya ce ta hana su faɗa a gaban jama'a. Yaya ya ce zai duba, fuskarsa kamar an ce ya sayar da ƙafar ɗansa.

A hanyar dawowa ya juya mini ƙeya. Ni ma ban lallashe shi ba. Tunanin da na yi ta yi shi ne abin da zan faɗa a gida, don na san in na yi shiru gyaɗa ta tafi, in na yi magana na kunyata shi a gaban mahaifiyarsa.

Mun shiga gida ana kiran isha'i. Inna na kan tabarma, ta ce, “Yaya hanya? Me suka ce?”

Yaya ya ce, “Sun yaba ƙwarai, Inna.”

Ta juyo ta dube ni. Na ce, “Sun yaba. Ba mai saye. Tayoyi suke so, su kuma gwangwanin lemo kawai suke ci, ba sai an taɓa gyaɗa ba.”

Ya ɗauki kwalinsa ya shige ɗaki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, mutanenmu ba za su taɓa ce maka ba sa so ba, musamman in ka taso daga nesa. In kana son gaskiya, ka bar bakinsu ka dubi inda yatsunsu ke zuwa. Na kuma koyi cewa faɗin gaskiyar ba ya sa a ji daɗinka a gida. Har yau gaisuwata da ka yake amsawa, kuma bai furta cewa ya fasa ba, don haka hankalina bai gama kwanciya ba. Amma gyaɗa na nan a ɗaki, buhunan a ɗinke. Ɗazu kuma na ji shi ta bayan katanga yana tambayar mai shago ko yana tara gwangwanayen lemo.