Layin da Ndagi ya bari

Yau da safe a ofishinmu na Bosso, saba, babbar kwamfutar da muke aika wa saƙo, ta ƙi karɓar saƙonmu. Makullin sirrin da shirin kwamfutarmu ke maƙala wa kan kowane saƙo na Ndagi ne, abokin aikina da ya rasu a hanyar Bida. An rufe makullin nasa.

Na buɗe shirin. Ashe ƙarƙashin makullin ya ƙara layi ɗaya: Bismillah. Shekara uku kowane saƙo da shi yake fita.

Oga ya leƙo. "Sa naka makullin, ka goge wancan layin, ba ya aikin komai."

Na ce, "Oga, makulli na canza. Wannan kam hannuna ba zai iya ba."

Saƙon ya wuce da Bismillar Ndagi. Allah ya jiƙansa. Da ku ne, za ku goge?