Littafin Tsohon Coci da Na Ba da Aro

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun tarihi. Ni Bagobiri ne daga Sabon Birni, kuma burina in rubuta yadda kakanninmu suka ƙi miƙa wuya bayan jihadi ya ci Alkalawa. Malamin da ke duba aikina ya ce an gaji da wannan zance, in tafi in rubuto tarihin cocin Katolika da ke unguwar bayan makaranta. Na tafi ina ƙunƙuni.

Fada, wato limamin cocin, ya haɗa ni da wani tsoho, katikis ɗinsu, wato mai karantar da masu shiga addini. Ya ce mini ɗana, ya shimfiɗa mini tabarma, in lokacin salla ya yi shi ke miƙo mini buta. Bayan mun saba ya fiddo wani littafi da ya yi shekaru yana cikawa da hannunsa: yadda suka fara ibada a rumfar zana, da sunan kowace mace da ta ɗauko ruwan gini. A ciki na ga cewa wanda ya ba su filin wani manomi ne Musulmi, Bagobiri daga wajen garin Isa, wanda ya ce kakanninsa sun san zafin rasa wurin zama. Nan take na roƙi aron littafin. Tsohon ya ba ni aron kwana uku, ya ce ba shi da wani sai shi.

Ga wautata. Don neman yabo na kai wa malamin. Ya juya shafi biyu, ya sa a aljihun tebur, ya ce in dawo jibi. Jibin nan ta zama wata biyar. Ranar da na matsa, ya tambaye ni ko ina son in gama makaranta bana. Na fita, ban sake tambaya ba. Tsohon kuwa, kullum ya tare ni sai in ce gobe za ni kawo, har na koma sauya hanya don kada mu haɗu.

Bayan shekara biyu na ga tarihin an buga shi da sunan malamin. Babu sunan tsohon ko a gefe, an cire matan, an cire manomin. Na nufi cocin a fusace don in faɗi gaskiya, Fada ya ce an binne tsohon da damina, kuma har ya kwanta ciwo yana cewa yaron nan zai kawo.

Har yau in na tuna malamin nan raina tafasa yake, ɓarawo ne da rigar ilimi. Amma da hannuna na miƙa masa, kuma bakina ya yi ƙaryar. Ɗalibai, abin da aka ba ku amana kada ku ba kowa, komai girman kujerarsa. In kuma ya salwanta, ku koma ku faɗa tun mai shi na da rai. Ni na samu takardata, amma ban samu wanda zan roƙa gafara ba.