Kwana Biyu Ba Nono

A shekarar da Inna ta kwanta ciwo ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Tanut. An ba ni takarda kan 'ya'yan yazawa, na mayar da ita Hausa, na karanta wa masu saurare. Takardar ta ce akwai ja, akwai rawaya, dukansu suna da bitamin C mai yawa, amma yawansa da zaƙin ruwan sun danganta da iri da kuma ƙasar da itacen ya tsiro. Mu a Damargu ba mu da itacen. Yawancin masu saurarena ba su taɓa ganinsa ba.

Inna tana ƙauyenmu, kusa da Gangara. Dasashinta na jini, ba ta iya haɗiye komai sai nono. Majo, wato malamin asibiti, ya ce a nemo mata kayan marmari. Na roƙi wani direban kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa kudu, ya kawo mini yazawa kwando guda. Rabinsu sun lalace a hanya. Na tsince tara, ja shida, rawaya uku.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ke jinyar. Ta taɓa zama a kudu, ta ce can kowa ya san yazawa da madara ba sa haɗuwa a ciki, kisa suke yi. Na ce takardata ba ta faɗi haka ba. Ta tambaye ni ko takardar ta ce ƙarya ne. Ba ta ce ba.

Sai muka zaɓa. Ni na ce a ɗauke ƙwaryar nonon.

Na matse wa Inna rawaya, don sun fi laushi a maƙogwaro. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ruwan ya zubo a kan zanenta.

"Ɗan nan, ina nonona?"

"Jibi, Inna."

Ba ta sake tambaya ba. Rana ta uku Gwaggo ta kawo ƙwaryar, Inna ta kawar da kai. Ta rasu a ƙarshen makon.

Majo ya ce ciwon ya riga ya yi nisa, ya ce kuma bai san wata hujja kan maganar madarar ba. Na ji duka biyun, na gode masa.

Gwaggo ta wanke zanen sau uku, tabon bai fita ba. Da na koma aiki aka ce a maimaita shirin. Na karanta shi yadda yake, ban ƙara komai ba.