Kwabon da Na Ɗaura wa Allura

Mahaifinmu ɗan amshi ne a ƙungiyar wani mawaƙin Katagum, kuma sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar muryarsa. A Legas aka buga faifan, mai kauri da nauyi kamar murfin tukunya. A waƙa ta uku akwai wurin da mawaƙin yake yin shiru, Baba ya ja amshi shi kaɗai da 'yar siririyar muryarsa. Ko hotonsa ba mu da shi, wannan faifan kaɗai ya rage mana.

Bayan rasuwarsa na kwaso faifan da garmahonsa zuwa gidana a Azare, inda Inna ta dawo da zama. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai in sa mata. Amma allurar tana tsalle, kuma ba ta tashi tsallen sai daidai wurin Baba. Ni kuwa sarkin sani, na yi abin da na ga kowa yana yi tun tasowarmu: na samo tsohon kwabo mai huji na ɗaure da zare a kan hannun allurar. Tsalle ya tsaya, har da yabon kaina.

Shekara biyu muna haka, kafin na lura kalangu yana nan daram, amma amshin yana ta dushewa.

Na kira wani tsohon malamin makaranta, mutumin kudancin Bauchi, mai kula da kayan sautin cocinsu. Ya ajiye kofin ruwa a kan teburin da garmahon yake kai, ruwan ya karkata gefe. Ya ninke takarda ya cusa ƙarƙashin ƙafar tebur, ya kwance kwabona, ya ɗan murɗa ƙarfen da ke bayan hannun. Allura ta bi faifan lafiya lau.

"Malam, teburinka ne bai zauna daidai ba," ya ce. "Kwabon nan noman faifan yake yi. Siririyar murya ce ke fara tafiya."

"Ana gyarawa?"

Ya girgiza kai.

Wallahi raina bai taɓa ɓaci kamar ranar ba. Abin da rana da gara suka bari shekara da shekaru, ni na kankare shi da hannuna.

Juma'a ta zagayo, na sa wa Inna. Waƙa ta uku ta zo, mawaƙin ya yi shiru, Inna ta karkata kunne tana jira.

"Ƙara sautin."

Na ƙara har ƙarshe. Ta shafa kunnenta.

"Tsufa ke nan. Kai dai kana jinsa ko?"

Na ce, "Ina ji, Inna."